Ƙofar tsakiya: yadda muka kwana mu tara a Sharm

Mu tara muka tafi. Ni, Abban yara, Hajiya mahaifiyarsa, ƙanwarsa da yara ke ce wa Anti ƙarama, sai yara biyar. Asalin tafiyar ma ba yawo ba ne, gwiwar Hajiya ce ta kai mu Alƙahira ganin likita, to da muka ga ranar da aka ba mu ta faɗo cikin hutun Disamba sai Abban ya ce tunda kuɗin jirgi dai an riga an kashe, a kwashi yaran gaba ɗaya, in an gama da asibiti a leƙa Sharm el-Sheikh kwana huɗu su ma su ga teku. Ya faɗi haka ya juya ya ci gaba da shan shayinsa, wato neman masauki ya zama aikina kenan.

A Alƙahira ban sha wahala ba sam. Wani ɗan uwa da ke karatu a can ya kama mana gida mai ɗaki uku da falo a Madinat Nasr, muka baje kamar muna Kano, har tuwo na tuƙa. Sharm ce ta nuna min cewa otal ba don irinmu aka gina shi ba. Ku shiga duk wata manhajar kama ɗaki ku rubuta manya huɗu yara biyar ku ga abin da za ta yi muku, ko dai ta ce babu, ko ta nuno wani katafaren gida da kuɗinsa zai sa ka rufe wayar ka yi salati. Lissafinsu uba da uwa da yara biyu ne, shi kenan iyali ya cika. Yawancin ɗakunan da na gani ƙa'idarsu manya uku, ko manya biyu da yara biyu, ba ƙari ko da jinjiri ne sai an rubuta shi.

Sai maganar wane ne yaro. Ni a wurina duk wanda nake tasa sallar asuba da faɗa yaro ne, su kuwa a wurinsu da ka cika 12 ka zama babba, za ka biya kuɗin babba. Ɗan farina, wanda kun san ba zan faɗi sunansa ba, shekararsa 14, mai bi masa mace ta cika 12 saura sati uku mu tashi, wallahi da a Nuwamba muka je da rabin kuɗi za a biya mata. Sai 'yar 9, sai sarkin rigima mai 6, sai Auta 'yar 2. Abin dariyar kuma, shi mai 14 ɗin a wurin biyan kuɗi babba ne amma a wurin riƙe ɗaki yaro ne, dole kowane ɗaki a rubuta sunan wanda ya kai 18 a kansa. Kun ga cin riba biyu.

Na zauna da biro da takarda kamar mai rabon gado. Ba zan haɗa saurayi ɗan 14 da 'yan mata ɗaki ɗaya ba, mu da aka ce mu raba musu shimfiɗa tun suna goma. Hajiya ba ta kwana ita kaɗai saboda tashin dare da ƙafar nan. Sarkin rigima kuma ba a barinsa inda ido ba ya kai wa, yaron da ya taɓa kulle kansa a banɗakin gidan biki. Da na juya na juya sai lissafi ya tsaya a ɗaki huɗu, biyu-biyu masu ƙofa a tsakani: mu da Auta a ɗaya ƙofarmu ta buɗe zuwa na yara maza, can kuma Hajiya da 'yar 9 ƙofarsu ta buɗe zuwa na Anti da babbar. A takarda abin ya yi kyau har na ɗauki hotonsa na tura wa Abban, ya turo min babban yatsa.

Kuskurena na farko kalma ce guda ɗaya. Turancin otal ya raba abu uku da ni a da duk ɗaya na ɗauke su. In suka ce "connecting" ko "interconnecting" shi ne ɗaki biyu da ƙofa a cikin bangon da ya raba su, ka shiga wancan ba sai ka fita waje ba. "Adjoining" kuwa ɗakuna ne jere bango ɗaya amma babu ƙofa, sai ka fita korido ka ƙwanƙwasa. "Adjacent" ma kusa-kusa ne kawai, yana iya zama tsallaken korido ko bayan ɗaki uku. Ni da turancina na makaranta na ga adjoining ya fi kama da babbar kalma sai na rubuta shi a ɗaya daga cikin takardun. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na ce ɗaya daga cikin takardun saboda kuskure na biyu kenan. Katina ya ƙi ɗaukar kuɗin ɗaki huɗu a lokaci guda, duk wanda ya taɓa ƙoƙarin biyan abu a waje da katin gida ya san wannan ciwon kan, sai na kama biyu da sunana, washegari Abban ya kama biyu da nasa katin da sunansa. A wurinmu iyali ɗaya ne, a kwamfutar otal kuwa baƙi biyu ne da ba su san juna ba, sunan mahaifina daban nasa daban, ba abin da ya haɗa mu. Sannan wancan ɗan akwatin da ake rubuta buƙata ta musamman, a ƙasansa da ƙananan haruffa an rubuta cewa ba alkawari ba ne, sai in akwai. Na gani fa, ba wai ban gani ba, na dai ce ai mun biya kuɗi da yawa za su ji kunyarmu. Otal ba ya jin kunya.

Daga baya ne wata ma'aikaciyar risefshon ɗin, yarinya mai kirki 'yar Iskandariya, ta zaunar da ni ta yi min bayanin yadda abin yake, kuma tun daga nan na daina ganin mugunta ce. Ta ce su ba lambar ɗaki suke sayarwa ba, nau'in ɗaki suke sayarwa, mai kallon lambu, mai kallon wurin ninƙaya, mai kallon teku. Lambar sai ana gobe za ka zo ko ma da safen ranar ake raba ta. Masu ƙofar tsakiya kuma 'yan kaɗan ne a cikin ɗaruruwan ɗakuna, kuma kafin a ba ka guda biyu dole duka biyun su zama babu kowa a rana ɗaya, to in baƙon da ke ɗaya ya ƙara kwana ko kuma tun farko an saka wasu ma'aurata a ciki da ba ruwansu da ƙofar, shi kenan naka ya rushe. Ga shi mun zo a ƙarshen Disamba lokacin da Turawa ke gudo wa sanyinsu, otal cike maƙil, har wani kuɗin cin abincin daren Kirsimeti na dole aka ɗora mana a kan kowane kai, mu da ko zuwa ba mu yi ba.

Kuskure na uku jirgin dare. Daga Alƙahira zuwa Sharm awa ɗaya ce a sama, ta mota kuwa wajen kilomita 500 ne sai an bi ta ramin da ke ƙarƙashin mashigin Suwez, Hajiya ba za ta iya wannan zaman ba. Na dare ya fi arha, mutum tara kuwa ɗan bambanci ma kuɗi ne, sai muka ɗauke shi. Ana fara ba da ɗaki ƙarfe 2 na rana, mu muka iso wajen sha ɗaya da rabi na dare, duk wanda zai zaɓa ya zaɓa ya bar mana ragowa.

Ga mu tsaye a risefshon, Auta tana barci a bayana, sarkin rigima ya riga ya gano maɓuɓɓugar ruwan ado yana wanke hannu a ciki, ana ta ɗaura mana wannan abin hannu na roba mai nuna cewa ci da sha duk an biya. Saurayin da ke aikin dare ya karɓi fasfo tara ya daɗe yana danne-danne sannan ya ɗago da murmushi ya ce ya madam, mafish mushkila. Duk wanda ya zauna a Masar ya san in aka ce maka babu matsala to ka gyara tsayuwa. Biyun da na kama da sunana an ba mu masu ƙofar tsakiya a hawa na ƙasa, Alhamdulillah. Biyun Abban, inda na rubuta waccan kalmar, an ba mu daidai abin da na rubuta, jere da juna babu ƙofa, a wani gini daban, hawa na biyu, kuma babu lifta. Irin waɗannan wuraren shaƙatawar na bakin teku ba dogon bene ɗaya ba ne, ƙananan gine-gine ne birjik a cikin lambu kamar rukunin gidajen ma'aikata, har da 'yar motar lantarki mai kama da adaidaita sahu da ke kai mutane, tsakanin ginin nan da wancan tafiya ce mai kyau.

Hajiya dai ba hawa bene, wannan ba a ma tattauna ba, don haka ɗaya daga na ƙasa nata ne. Na ƙasan ɗaya mai babban gado ne ɗaya mai ƙananan gadaje biyu, haka aka fi haɗa su. Sai yaron nan cikin son taimako ya ce ai abu mai sauƙi ne, Hajja da 'yarta su ɗauki mai gado biyu, madam da mister su ɗauki mai babban gadon, ƙofa a tsakani, in Hajja na son wani abu da dare sai ta buɗe kawai. Jama'a. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Anti ta juya baya kafaɗunta na rawa, Abban ya shiga duba wayar da ba abin da ke cikinta, Allah ya taimake ni Hajiya ba ta jin turanci, sai cewa ta yi, ke 'yar nan me yake cewa ne? Na ce Hajiya cewa ya yi ɗakin naki yana da kyau.

Shi bai yi laifi ba, a wurinsa ya warware matsala. Ina zan fara yi masa bayanin cewa shekara goma sha biyar da aure ko abinci ban taɓa ci a gaban matar nan ba, balle in kwana da ɗanta ita tana bayan ƙofar katako? Kuma wannan abu ne da ban ga kowa na faɗa ba a duk karance-karancen da na yi kafin tafiya: ƙofar tsakiya ba bango ba ce. Tari, waya, talabijin, kukan yaro, komai ana ji. Kafin ki yi ta roƙon a ba ki ita ki fara tambayar kanki wa zai kwana a ɗaya gefen.

A tsaye a wurin muka sake rabon gado. Hajiya da Anti a mai gado biyu, ni da 'yan mata biyu da Auta a mai babban gado aka ƙaro mana gadon naɗewa, maza kuma duk suka tafi can sama. Wato muka biya kuɗin jirgi muka tsallaka ƙasashe muka je muka sake gina gidan Hausa sak, cikin gida daban, turaka daban, har da shagon samari, don ɗan farin nawa shi kaɗai ya samu ɗaki guda, a takarda sunan Anti ne a kai, ya yi ta wanka da ruwan zafi sau uku a rana yana sa rigar wankan otal yana ɗaukar hoto. Abban kuma ya kwana da sarkin rigima, da safe ya sauko ido jawur yana tambayata wai dama haka yaron nan yake harbi cikin barci? Na ce shekara shida kenan, sannu da zuwa.

Ita kanta ƙofar sai da ta koya mana darasi. Ashe ƙofofi biyu ne a manne baya da baya, kowane ɗaki da tasa, kuma kowacce ta cikin ɗakinta kaɗai ake buɗe ta, ɗaya fuskar sumul take babu mariƙi. Rana ta biyu da hantsi duk muna ɗakin Hajiya ana shafa mata man zafi, sarkin rigima ya shiga namu ya turo ƙofarmu ta rufe ƙaras, ya fita ta ƙofar gaba ita ma ta rufe kanta, ya zagayo yana dariya. Katunan ɗakin duka biyu suna ciki, wayata tana ciki, abin da ya fi komai Auta tana ciki tana barci. Minti goma da aka yi kafin a zo da wani katin ni na san yadda na ji su. Tun daga ranar tawul nake ratayawa a saman kowace ƙofa don kada ta datse, kati ɗaya kuma ya koma cikin jakar Hajiya, wurin da ba mai iya taɓawa.

Da safen farko na je wurin manajan masu karɓar baƙi da niyyar faɗa, na ma shirya turancina tun a banɗaki. Ya buɗo takardar ya nuna min abin da na rubuta da hannuna, bakin alƙalami ya bushe, sai na koma roƙo. Ya ce bukra in sha Allah, wato gobe, washegari ma bukra, a rana ta uku dai ya cika alkawari wasu suka tashi aka samu biyu masu ƙofa a ginin da ke kusa da namu. Na zo da murna ina faɗa, Hajiya ta ce a'a, wa zai sake kwashe kaya saboda kwana ɗaya, ai haka ma ya fi, ita ta ji daɗin zaman nan. Kuma gaskiyarta ne. Ƙofar nan a buɗe take wuni, 'yan mata na shige da fice, ta sa an dama mata kunun tsamiyar da ta ƙullo tun daga gida da butar shayin otal, da dare tana daga gadonta tana ba su tatsuniya suna daga namu suna amsawa. Rabon da in zauna da ita haka tun wankan jegon ɗan fari. Abban ne kawai bai ce komai ba, kallona dai ya yi.

Wurin kansa ba laifi. Unguwar Nabq muka sauka, arewa da filin jirgi, akwai iska sosai a Disamba kuma ruwan bakin gaɓar bai da zurfi, sai ka bi wata doguwar gada ta katako kafin ka kai inda kifaye suke. Daga barandar Hajiya ana hango tsibirin Tiran, da Abban ya gaya mata cewa tun 2017 Masar ta amince ta miƙa shi ga Saudiyya sai ta ce ashe ƙasa mai tsarki take kallo, daga nan kullum bayan la'asar a nan take jan carbi. Ta kuma matsa sai an nuna mata daidai inda Fir'auna ya nutse tunda an ce wannan ce Bahar Maliya, direban da ya kai mu gari ya nuna wani wuri da hannu da cikakken tabbaci, ni dai ban ce komai ba. Mun shiga jirgin ruwa mai gilashi a ƙasa yara suka ga murjani da kifaye kala-kala ba tare da kowa ya jiƙe ba, mun yi magariba a masallacin Sahaba da ke tsohuwar kasuwa wanda aka buɗe a 2017, ginin kamar a ɗauke shi a kai gida. Ras Muhammad, gandun da aka keɓe tun 1983, maza ne kawai suka je. Abu ɗaya da zan ce wa iyaye, wurin cin abinci da bakin ruwa akwai giya da shigar da ba mu saba ba, mu da wuri muke zuwa cin abinci mu zauna can gefe, kuma ban bar 'yan matan sun je ko'ina ba tare da ni ko Anti ba, wannan ma wani dalili ne da ya sa na so su a bayan ƙofata ba a wani gini ba.

Wata ƙawata da za su tafi da hutun Ista su takwas ta kira ni, abin da na gaya mata shi ne kada ta dogara da wancan akwatin. Ta fara neman nau'in ɗakin da sunansa kansa ya ce na iyali ne mai ɗaki biyu ko mai ƙofar tsakiya, wanda ake sayarwa a matsayin abu guda da farashi guda, don shi in kin biya dole a ba ki, ba alfarma ba ce. Kamfanin Hilton ma tun 2021 ya fito da tsarin da za ka zaɓi ɗakuna masu haɗe a tabbatar maka tun lokacin biya, a otal ɗinsu da ke cikin tsarin. In kuma ɗakuna daban-daban za ta kama to duk su shiga takarda ɗaya da suna ɗaya, in kati ya ƙi ta tura wa otal ɗin lambobin duka ta ce a haɗe su, ta rubuta shekarun kowane yaro, ta faɗi in akwai tsoho da ba ya hawa bene, kuma kada ta yarda da amsar waya kawai, a rubuto mata ta imel ta buga a takarda ta riƙe. Ana saura kwana uku ta sake kira, da safen ranar ma ta kira, zuwa da kai ya fi saƙo amma in ba ka isa ba tukuna to naci ya fi shiru. In ta iya ɗan Larabci ta ce bab dakhili, ƙofar ciki, kowa zai gane. Kuma ta ɗauki jirgin safe ko da ya fi tsada.

Ta ce to ita da uwar mijinta da kishiyarta za su tafi, wa za ta haɗa da wa? Na ce wannan kam ki kira maigidan ku zauna, ba na shiga.

Ranar da za mu taso manajan ya bar mana ɗakin Hajiya har ƙarfe 6 na yamma ba tare da ƙarin kuɗi ba, maimakon 12 na rana, duk muka taru a ciki mu tara da akwatuna goma sha ɗaya muna jiran mota. Ɗan farin nawa ne kaɗai ransa a ɓace, wai a Kano ma a ba shi ɗakinsa shi kaɗai. Hajiya kuma tun a filin jirgi ta fara yi wa Abban maganar wai a nemo magini ya duba bangon da ke tsakanin ɗakinta da na jikokinta.